Wa Zai Gaji Jan Kek ɗin Zenobia?

Mai girma shugaban wannan taro, Fasto Hosea Whitlock, makiyayin cocinmu na Dutsen Zaitun. Mai girma magajin garin Cane Hollow, wanda na lura bana ya iso da wuri tun da ya ji an ce akwai gasasshen haƙarƙari. Shugabar zumuntar mata, Mama Ozella Broadnax, da mataimakiyarta, Mama Verbena Tull. 'Yan'uwana dattawan coci, masu ji da masu gyangyaɗi. Mawaƙanmu da suka ƙure murya tun safe. 'Ya'yanmu da suka tuƙo mota daga Houston da Dallas domin su ci abincin da suke cewa likita ya hana su. Jikokinmu da ke ƙarƙashin tebura. Jama'a maza da mata, ina gaishe ku da sunan Ubangiji, ina yi muku barka da wannan rana ta sha tara ga Yuni, ranar da labarin 'yanci daga bauta ya iso wa kakanninmu a ƙasar Texas.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Lemuel Pettiford, shekarata saba'in da tara, kuma ni ne mijin marigayiya Zenobia. Na san a garin nan wannan na ƙarshe shi ne babban muƙamina. Ina godiya ga kwamitin mata da suka ba ni wannan dama. Minti goma suka ba ni. Ina roƙon su yafe mini tun yanzu.

Ku dubi teburin manya. Kun ga farantin gilashin nan mai ƙafa ɗaya, wanda yake tsaye babu komai a kansa. Shekara arba'in da huɗu, duk ranar irin ta yau, matata ke ɗora jan kek a kansa, kek ɗin da muke kira karammiski saboda laushinsa. Bara da kaka Ubangiji ya kira ta, bana faranti ya zo wayam. Kwamiti ya ce ba zai yiwu haka ta ɗore ba, dole a sami magajiya. Mata biyu suka kawo mini takardu, kowace da rubutun hannun Zenobia, kowace tana cewa tata ce ta gaskiya, aka ce in duba in yanke hukunci a gaban jama'a: mai takardar gaskiya ita za ta ɗauki faranti. A takardar da aka liƙa a ƙofar kicin kuma, inda aka raba aikin baɗi, na ga an sa surukata Marvella, matar ɗana Thaddeus, a wajen wanke tukwane, an rubuta a gefen sunanta cewa an hutar da ita daga gashin kek. An hutar da ita! Mu mutanen coci mun iya kora da ladabi.

Maganata kashi huɗu ce. Zan faɗi inda kek ɗin nan ya fito, zan faɗi yadda ake yin sa, zan faɗi wata al'ada tamu da ba ma faɗa a gaban baƙi, sannan in yanke hukunci.

Na farko, asalinsa. Jama'a, ban taɓa ganin maraya mai yawan iyaye irin jan kek ba. Wani babban otal a New York ya ce a kicin ɗinsa aka haife shi. Wani kanti a Kanada, inda sanyi ke daskarar da bota a hannun mutum, shi ma ya ce nasa ne. Kowane gari a kudancin ƙasar nan yana da tsohuwar da ta ƙirƙiro shi, kuma kowace tsohuwa tana da jikar da za ta rantse. Da kek ɗin nan bai yi daɗi ba, da babu wanda ya san shi. Da ya yi daɗi, sai dangi suka yi yawa.

Abin da na ji daga kakata, wadda ta yi shekara talatin tana girki a gidan wasu, shi ne wannan. Tun zamanin kakanninta masu girki suka gane cewa in ka zuba ɗan garin cakulan a fulawa, kek yakan yi laushi, ya yi sulɓi a harshe kamar ka shafa karammiski. Daga nan sunan ya fito, daga laushi, ba daga launi ba. Shi kuwa ja, ai ba ja ba ne can can. Garin cakulan na da, wanda ba a sarrafa shi da yawa ba, in ya gamu da tsamin nono da ruwan khal, sai ya ɗan juya, ya yi launin ƙasar jan bulo bayan ruwan sama. Ja ne mai kunya, sai ka kai yankansa bakin taga ka karkata shi kafin ka gan shi.

Aka zo zamanin yaƙin duniya, sukari ya yi wuya, bota ta yi wuya, wasu mata suka riƙa tafasa bitirut, wata jar saiwa mai kama da dankali, suna zuba ruwansa domin danshi da launi. Aka kuma sami masu sayar da kala a 'yan kwalabe, mutane masu wayo, suka buga takardun girki suka ajiye a kantuna kyauta, da hoton kek ja wur kamar motar kashe gobara. Kyauta fa! Sai ka kai gida ka karanta za ka ga takardar ta ce a zuba kwalba biyu. Tun daga ranar kunyar kek ɗin ta tafi. Yau in ba ka ci ka ga harshenka ya rine har ranar Talata ba, sai ka ce ba a yi maka karammiski ba.

Mu kuwa a nan muka karɓe shi hannu biyu, domin ranar irin ta yau ja muke ci, ja muke sha: kankana, jan lemo, jan kek, don tunawa da jinin waɗanda suka riga mu. Wannan ba abin wasa ba ne, ba zan yi wasa da shi ba. Amma ku lura da abu ɗaya. A duk masu da'awar nan, da otal da kanti da mai kwalba, babu wanda ya ambaci sunan matar da ta tsaya a gaban wuta. Mun daɗe muna ƙorafi a kan haka, kuma muna da gaskiya. Ku riƙe wannan ƙorafin a hannu, kada ku ajiye.

Na biyu, yadda ake yin sa. Na san wasu na cewa, me Lemuel ya sani, shi da ko ƙwai bai iya fasawa ba? Gaskiya ne. Amma shekara hamsin da biyu ina zaune a kujerar bakin ƙofar kicin, ina jiran a miƙo mini kwanon kwaɓi in lashe. Wanda ya daɗe a bakin kogi, ko bai iya iyo ba, ya san inda kada yake.

Mata, ku fito da alƙalami. Ba a taɓa faɗin wannan a fili ba, kuma ba na jin za a sake.

Bota rabin kofi, wadda ta kwana a waje ta yi laushi, da sukari kofi ɗaya da rabi, a buga su har su yi fari. Ƙwai biyu, ɗaya bayan ɗaya, ba a haɗa su rige-rige. Garin cakulan babban cokali biyu, a dama shi da kala ya zama kamar kwaɓin lalle, sannan a zuba. Fulawa kofi biyu da rabi, a tankaɗe ta sau uku da ƙaramin cokali na gishiri. Sau uku, ba sau ɗaya da addu'a ba. Nono tsala kofi ɗaya, mai tsami, wanda aka kaɗe aka cire masa mai. A riƙa zuba fulawa kaɗan, tsala kaɗan, a fara da fulawa a ƙare da fulawa. Ɗan banila don ƙamshi. Sannan sai babban al'amari, wanda Zenobia ke juya wa ƙofa baya kafin ta yi shi: a ɗauko kofin shayi, a zuba ƙaramin cokali na soda, farin garin nan mai tayar da kwaɓi, a kwarara masa babban cokali na ruwan khal. Zai taso da kumfa yana huci kamar Mama Ozella a taron kwamiti. Kafin ya huce a juye shi cikin kwaɓin, a juya a hankali, a raba a gwangwani, a tura obin, wato murhun gashi. Wannan kumfar ita ce ran kek ɗin. Babu ita, babu tashi.

In ya shiga wuta kuwa, gida ya zama maƙabarta. Ba a buga ƙofa, ba a taka ƙasa da ƙarfi. Ni da nake maigida na sha tafiya da sanɗa a cikin gidana kamar ɓarawo. Bayan rabin awa a soka tsinken tsintsiya a tsakiya, in ya fito fes, an gama.

Farin da ake shafe shi da shi kuma, 'yan zamani suna yi da cuku mai laushi, ba na faɗa da su, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma na gidanmu dafa shi ake yi: fulawa da madara a kan wuta har su yi kauri kamar kunu, a bari ya huce sarai, a buga shi cikin bota da sukari har ya yi sauƙi kamar gajimare.

Na ga Mama Verbena ta daina rubutu tun wajen garin cakulan. Na ga Mama Ozella tana duba jakarta. Ku yi haƙuri, yanzu zan iso gare ku.

Na uku, al'adarmu. Baƙi, ku toshe kunne. A garin nan, in mace ta ci abu a gidan wata ya yi mata daɗi, sai ta ce, "'Yar'uwa, don Allah rubuta mini." Ita kuwa sai ta yi murmushi ta ce, "Haba, abin da bai taka kara ya karya ba," ta ɗauko takarda ta rubuta da kyakkyawan rubutu, ta rungume ta, ta raka ta har mota. Amma sai ta bar abu ɗaya ba ta rubuta ba. Abu ɗaya tak. Ba a kiran wannan ƙarya, domin duk abin da ke takardar gaskiya ne. Mai bayarwa ta sani, mai karɓa ta sani. Ragowar sai ki je ki tsaya a kicin ɗinta kina taya ta hira, kina sata da ido. Haka iyayenmu suka yi, kuma suna da dalili: macen da ke girki a gidan wasu ba ta da gona, ba ta da shago, abin da ke kanta shi ne dukiyarta, in ta rubuta shi duka, gobe a sallame ta. Dalilin ya mutu tuntuni, amma al'adar tana nan da ƙoshin lafiya, tana zuwa coci duk Lahadi da hula mai fure.

To ga takardar Mama Ozella. Na duba. An rubuta madara, ba a ce tsala ba. Shi ya sa, Ozella, shekara talatin kek ɗinki yana da kyau a ido, amma sai an bi shi da ruwa kofi biyu. Kada ki harare ni, tare muka yi makarantar Lahadi, na san hararar nan tun ba ki da haƙoran gaba. Ga ta Mama Verbena. Babu garin cakulan ko ƙyas. Verbena, abin da kike kawo mana jan burodi ne mai sukari, mun ci ne saboda zumunci. Ku biyun nan kun san al'ada, kun san an rage muku wani abu, kowace ta yi zaton ta gano shi da wayonta. Ba ku gano ba. Zenobia ta fi ku iya juya baya.

Akwai takarda ta uku, wadda ba a kawo mini ba, ni na je na nemo. Ga ta, duk ta yi mai, ta yage a lanƙwasa. Ta Marvella ce.

Shekara ashirin da biyu ke nan da Thaddeus ya kawo mana ita daga Detroit, can arewacin ƙasar nan. A can, in an rubuta abu a takarda, to haka yake. Ba wanda ya gaya mata a nan ba haka ba ne. Satin farko ta ce wa Zenobia, "Mama, ki koya mini jan kek ɗin gidan nan." Zenobia ta rubuta mata komai dalla-dalla, ta bar kofin shayi, da sodarsa da khal ɗinsa. Ba gishiri ta rage mata ba, ba ƙamshi ba. Ran kek ɗin ta cire.

Yarinyar ba sakarya ba ce. Ina zaune a kujerata na ji ta dawo da takardar ta ce, "Mama, ban ga soda ba."

Zenobia ta ce, "Na rubuta soda?"

"A'a, Mama."

"To."

Marvella ta ce, "Amma me zai tashe shi?"

Zenobia ta ce, "Hannu, 'yata. Namu na gidan nan hannu ke tashinsa. Ki buga da kyau."

Jama'a, yarinyar nan ta buga. Ta buga har kafaɗarta ta kumbura. Thaddeus ya saya mata injin bugawa, ta ƙona shi a shekara biyu. Duk ranar sha tara ga Yuni, tun da surukar gidan Pettiford ce, dole ta kawo jan kek, kuma duk shekara ya zo a kwance kamar an zauna a kansa. Sai a ajiye shi can ƙarshen tebur kusa da kwandon shara. Ku kuka sa masa suna Murfin Rijiya. Kada kowa ya sunkuyar da kai, har da ni na yi dariya. Na ji da kunnena wata a cikinku ta ce, "Allah sarki, 'yan Arewa, hannunsu sanyi gare shi, ko yis suka taɓa sai ya mutu." Na ji wani dattijo, yana nan zaune a layin gaba, ya ce a ajiye masa yanka ɗaya zai tokare ƙofar gareji. Ita kuwa sai ta yi murmushi, ta naɗe abinta, ta kai mota. Wata shekara na same ta a bayan coci tana goge ido da gefen rigar girki, ta ce mini hayaƙin gashi ne. Ranar iska daga gabas take kaɗawa, hayaƙi yamma yake tafiya, nesa da inda take.

Na taɓa yi wa Zenobia magana sau ɗaya. Na ce, "Zen, yarinyar nan fa tana shan wuya."

Ta ce, "Uwarka shekara tara ta yi tana ba ni takardar girkin wake babu gishiri a ciki, ka yi magana?"

Na ce, "Ban sani ba ai."

Ta ce, "To yanzu ma ba ka sani ba. Ungo kwano."

Na karɓi kwano na lashe. Da kwanon kwaɓi aka sayi bakina, jama'a, shekara goma sha shida.

Sannan hannun Zenobia ya fara rawa. Kun gani a coci, littafin waƙa yana kaɗawa a hannunta, kuka yi kamar ba ku gani ba, Allah ya saka muku. Shekara shida da suka wuce, ana jibi biki, da hantsi, ta fasa ƙwai ya zube a ƙasa, ta ɗauki kofin awo fulawa ta watse. Ta zauna ta daɗe tana kallon hannuwanta. Can ta ce, "Lem, kira mini matar Thaddeus."

Marvella ta zo. Zenobia ta ce, "Rufe ƙofa. Wanke hannu. Abin da na ce shi za ki yi, ban da tambaya." Tana faɗa, Marvella tana yi, har aka zo ƙarshe. Sai Zenobia ta ce, "Miƙo kofin shayin can mai tsaga. Zuba soda."

Marvella ta tsaya cak. Ta ce, "Soda, Mama?"

"Kurma ce ke? Soda. Yanzu khal."

Kumfa ta taso. Marvella tana riƙe da kofi tana kallonsa, ni kuwa ina neman inda zan sa idona. Na ce yau gidan nan zai kama da wuta. Ta juyo ta ce, "Shekara goma sha shida, Mama."

Zenobia ta ce, "Juye kafin ya mutu, kya yi fushin daga baya."

Ta juye. Kek ya tashi, ya yi tozo, har ya fi na kullum. Da aka fito da shi, Zenobia ta gutsuri gefe ta tauna, sannan ta ce, "Gishiri ya ɗan yi yawa." Ƙarya take yi, na ɗanɗana. Sai kuma ta ce, da muryar da ban taɓa jin ta da ita ba, "In Ozella ta ji ba ni na yi ba, na mutu kafin kwanana."

Marvella ta ce, "Wa zai gaya mata?"

Zenobia ta ce, "Naki zai tona mana asiri. In naki ya tashi bana, ai sun gane."

Marvella ta ɗauraye kofin, ta kife shi. Ta ce, "To ba zai tashi ba."

Ku saurara da kyau, jama'ar Dutsen Zaitun. Shekara shida, yarinyar nan kek biyu take yi. Ɗaya da kofin shayi, a ɗora shi a farantin gilashi da sunan Zenobia. Ɗaya babu kofin shayi, da gangan, da saninta, ta ɗauko shi da hannunta ta ajiye kusa da kwandon shara da sunanta. Hannu ɗaya, obin ɗaya, rana ɗaya. Ku kuma kuka ci na faranti kuna lumshe ido kuna cewa, "Kai, hannun Mama Zenobia sai ƙara albarka yake da tsufa!" Sannan ku gangara ƙarshen tebur ku ce, "Murfin Rijiya ya iso." Fasto, bara a kan wannan mumbari ka yi wa'azi da kek biyun nan, ka ce ɗaya misalin mai bangaskiya ne, ɗaya misalin wanda ruhu bai shige shi ba. Wa'azi ya yi kyau, har na ce amin. Magajin gari kuwa ya ba Zenobia takardar yabo mai hatimi, Marvella ce ta riƙe mata jaka lokacin da ake ɗaukar hoto. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ɗazu na ce ku riƙe wani ƙorafi a hannu. Muna cewa otal ya ci, kanti ya ci, ba su ambaci mai tsayuwa a gaban wuta ba. To mu da muka san zafin abin, me muka yi a cikin gidanmu?

Kada wanda ya fita daga nan ya ce Lemuel ya tozarta matarsa a kabari. Na so matar nan shekara hamsin da biyu, kuma gobe in aka ce in sake zaɓa, ita zan zaɓa, da taurin kanta da komai. Ita ta aiko ni. Sati biyu kafin ta tafi, Marvella ta gama yi mata wanka ta fita shanya, sai Zenobia ta ce mini, "Lem, yarinyar nan ta fi ni."

Na ce, "To ki gaya mata mana."

Ta ce, "Bakina bai saba ba. Kai ne mai surutu, ka faɗa bayan na tafi. Ka faɗa a inda aka yi mata dariya."

Wata takwas ina ɗauke da saƙon nan ina jin tsoro. Tsoron Ozella, tsoron bakin gari, tsoron a ce matata ta yi abin kunya. Sai da na ga sunan Marvella a wajen tukwane sannan na gane cewa shiruna ya fi takardar Zenobia mugunta, domin ita abu ɗaya ta rage, ni kuwa duka na ɓoye.

Na huɗu, hukunci. Thaddeus, riƙe matarka, na ga tana neman ƙofar kicin. Marvella, zauna, 'yata. Na san kin yi wa Mama alkawari ba za ki faɗa ba, kuma ba ki faɗa ba. Ni ban yi wa kowa alkawari ba.

An ce in faɗi wace takarda ce ta gaskiya. Babu ko ɗaya. An ce in faɗi wa zai gaji faranti. Babu gado a nan, domin mai faranti ta shekara shida tana cika shi, mu ne dai ba mu san sunanta ba. Saboda haka ina roƙon kwamiti abu biyu. A cire takardar nan daga ƙofar kicin yau, kafin a zuba abinci. Tukwanen baɗi kuwa a rubuta sunana a wajen, ni da dattijon nan mai ƙofar gareji, ya san kansa. Na biyu, farantin nan ba ni zan miƙa shi ba, hannuna bai cancanta ba. Ozella, ke ce shugaba, ke kika sa hannu a takardar hutarwa. Tsakanin teburin manya da inda yarinyar nan take zaune taku ashirin ne. Na san gwiwarki na ciwo, na kuma san ba gwiwar ce za ta fi ciwo ba. Amma na san ki tun muna yara: bakinki da kaifi, zuciyarki ba ta da ƙashi.

Ku ba ta hanya. Verbena, kama mata ɗaya gefen, gilashi ne, yana da nauyi. A hankali. Yawwa.

Marvella, ga shi nan ya iso. Ba sai kin ce komai ba, kin yi shekara ashirin da biyu kina yi mana shiru, yau mu ne ya kamata mu yi. Ni dai, a madadin matata da ta kasa faɗa, da kaina da na ƙi faɗa, ina roƙon ki gafara a gaban waɗanda suka yi dariya. In kin yafe, alherinki ne. In sai baɗi, za mu jira, mun iya jira, jikokin masu jira ne mu.

Bari in rufe da addu'a. Ubangiji ya jiƙan kakanninmu da suka ga wannan rana, da waɗanda suka mutu suna hangenta. Ya jiƙan Zenobia, ya karɓe ta da alherinta, ya rufe mata sauran. Ya albarkaci hannuwan da suka dafa abin da za mu ci, waɗanda muka sani da waɗanda ba mu tambaya ba. Ya ba Fasto sabon misali na wa'azi. Ya ba matasanmu haƙuri da mu, ya ba mu tsofaffi ƙarfin halin cewa mun yi kuskure tun muna da sauran numfashi. Ya kai matafiya gidajensu lafiya, ya tara mu baɗi a wannan zaure, babu wanda aka ajiye a ƙarshen tebur. Amin.

Na gode.